Jan Idon Murhun Akawu

Rana ta riga ta faɗa bayan katanga, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce na a gane fuskar mutum ba, lokacin da Auta ta tashi daga kan keken ɗinkinta ta shiga kicin ɗauko kofi. Mahaifiyarta tana alwala a bakin famfo. Mahaifinta, wanda duk layin ke kira Akawu tun zamanin da yake aikin ofis, yana kan kujerar roba ya harɗe ƙafa, kamar mai jiran a zo gaishe shi. Ba abin da ya raba wannan yammacin da na jiya. Sai aka ji ƙara daga kicin, guda ɗaya, gajera, sannan shiru ya biyo baya, irin shirun da ya fi ƙarar tayar da hankali.

Uwar ce ta fara isa, ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta tarar da Auta a ƙasa tsakanin firji da bakin ƙofa, idanunta a buɗe suna kallon silin, hannunta na dama a dunƙule a ƙirji. Akawu ya shigo daga baya, bai wani yi sauri ba. Ya tsallake ƙafafun 'yarsa, ya ɗaga ƙyallen da ke rufe da murhu, ya duba gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, ya ga bai tsage ba. Sannan ya juyo ya ce, "Me ya same ta?"

Dole a tsaya a ba da labarin murhun nan, domin a gidan ya fi kowa gata. Murhun lantarki ne mai baƙin gilashi a shimfiɗe, sumul, da zobba huɗu da aka zana inda ake ɗora tukunya. Ba harshen wuta, ba hayaƙi. Akawu ya saye shi da ya bar aiki, kuma tun daga ranar ba baƙon da ya shigo gidan ya fita ba a zagaya da shi kicin ba, ko da ta'aziyya ya zo. Ya kafa wa matarsa da 'yarsa dokoki. Tukunya sai mai shimfiɗaɗɗen gindi, a goge gindin ya bushe kafin a ɗora, kuma ɗagawa ake yi, ba a ja. In miya ta zube ba a kankarewa da wuƙa ko soson ƙarfe, sai a jira ya huce a goge da tsumma mai laushi. Duk wannan gaskiya ne, don daga takardar da ta zo da murhun ya karanto, ba daga kansa ba.

Inda aka samu matsala shi ne ranar da ya fara ƙirƙiro nasa. Akwai wata 'yar fitila ja a gefen gilashin, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ko an kashe murhun takan ci gaba da haske har sai gilashin ya huce, aikinta ke nan, ta ce wa mai ido kada ya taɓa. Akawu ya tsaya a kanta wata rana yana kallo, rowar da ke cinsa tun yana saurayi ta raɗa masa cewa 'yar fitilar nan wutar mita take sha. Sai ya yi doka: da an sauke tukunya a danne makunnin bango. Makunnin bango kuwa in aka danne shi jan idon yakan mutu nan take, gilashin ya rage baƙi ƙirin, da zafinsa da komai. Ya ƙara da doka ta biyu, a rufe shi da ƙyalle nan da nan kada ƙura ko ƙuda su taɓa masa shi. Ya sa Auta ta ɗinka ƙyallen, mai furanni a gefe.

Matar ta yi magana sau ɗaya. Ta ce, "Baban Auta, ai fitilar nan gargaɗi take yi, in ta mutu ba a gane akwai zafi." Ya dube ta sheƙeƙe ya ce, "Ke kika sayo shi? Abin da aka kashe ai ya mutu." Ƙyallen ya yi ta samun zoben ƙuna a cikinsa, Akawu ya ce yadin ne ba shi da kyau. Yatsun matar suka yi ta tashi da bororo in ta manta ta dafa gilashin, ya ce ganganci ne irin na mata.

To, tun daga yammacin da Auta ta faɗi, hannunta bai sake buɗewa ba. Ta farfaɗo, tana ci tana sha, tana magana ƙasa-ƙasa, amma yatsun nan biyar sun maƙale a tafinta kamar an ɗinke su. An je asibiti, likita ya duba, ya ɗauki hoto, ya ce bai ga karaya ba bai ga ƙuna ba. Ita kuwa da wannan hannun take riƙe almakashi, da shi take tura yadi ƙarƙashin allura, da shi take ciyar da kanta har ta taimaki gidan. Masu kawo ɗinki suka fara zuwa suna karɓe yadikansu ɗaya bayan ɗaya, suna yi mata sannu suna kallon ƙasa. Keken ya yi ƙura. Da safe takan zauna a gabansa, ta ɗora dunƙulallen hannun a kan cinyarta, ta yi ta kallonsa hawaye na zuba.

Da rana gidan lafiya lau yake. Sai rana ta sunkuya, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sannan abin ke farawa. Tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya, a daɗe, sai wata. Daga baya ta fara faɗowa cikin kicin ɗin kansa, daga silin da ba shi da huda ko ɗaya, ta yi ƙara a kan tayil ta gangara ƙarƙashin firji. In aka ɗauka sai a ji ta da ɗumi. Bayan tsakuwa sai kukan jariri, siriri, daga kusurwar da murhun yake, da muryar wata mace tana rarrashi cikin harshen da ba wanda ya taɓa ji. A daidai lokacin Auta takan miƙe zaune a kan gado, ta kai dunƙulallen hannun bakinta, ta yi ta hura masa iska a hankali, yadda ake yi wa yaron da ya ƙone. In aka kira sunanta ba ta waiwayowa.

Uwar ta rame, ta daina barci, bakinta bai rabu da addu'a ba. Akawu kuwa ya ce hassada ce, maƙwabta ne ke turo 'ya'yansu su fasa masa murhu. Da ya ga tsakuwar na sauka kusa da gilashin, sai ya shiga ɗakin Auta ya yaye bargon da take lulluɓa da shi, ya ninka biyu ya shimfiɗa wa murhun. Wannan shi ne iyakar abin da ya yi a kan lamarin, kuma ya yi shi da fuskar mutumin da ya ceci gidansa.

Matar ce ta gaji. Wata rana bayan azahar ta sa mayafi ta fita, ba ta nemi izininsa ba, ta dawo da wani malami mai ruƙiyya. Tsoho ne siriri, mai farin gemu kaɗan, da tsohuwar jaka a hammata, ba ya ɗaga murya ko a gaisuwa. Ya zauna a tabarma ya saurari labarin daga bakinta, bai katse ta ba. Akawu ya so ya zagaya da shi ya ga murhu, ya fara bayanin zobba huɗu. Malam ya ce, "Za mu gan shi, Maigida. A kicin ɗin za mu zauna."

Da aka idar da sallar magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar kicin. Aka kawo Auta aka zaunar, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Akawu ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Duhu yana ta taruwa a taga. Malam ya fara karatu a hankali, ayoyi na bin ayoyi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Tsakuwa ta faɗo kusa da gwiwarsa, bai ko kalle ta ba. Can sai jikin Auta ya fara rawa, wuyanta ya sandare, ta ɗago kai. Idanun nata ne, amma mai kallon da ke cikinsu ba ita ba ce.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni."

Muryar ta babbar mace ce, mai kauri, a gajiye. Uwar ta saki salati. Akawu ya mayar da ɗaya ƙafar waje.

Malam ya ce, "Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Hanyarmu ce nan," in ji muryar. "Ta nan muke wucewa tun ba a sa tubalin gidan nan ba. Ba mu taɓa muku ko cokali ba. Ran nan girkinku ya yi yamma. Na zo wucewa da ɗana a baya, goyon ya kwance. Na ga wuri a shimfiɗe, baƙi, da ƙyalle mai furanni a kai. Na duba ban ga jan ido ba. Na ajiye shi in gyara zani. Ya miƙa hannu ƙarƙashin ƙyallen ya dafa." Numfashin Auta na fita da ƙyar. "Har yau tafinsa bai buɗe ba."

Daga bakin ƙofa Akawu ya samu bakin magana. Ya ce, "Malam, ƙarya take yi. Aljanu ba da wuta aka halicce su ba? Yaya wuta za ta ƙona su?"

Kan Auta ya juya a hankali ya fuskance shi. "Kai da aka yi ka da ƙasa, in an jefe ka da hogen ƙasa ba ka jin zafi?" Ta ci gaba, "Mun fi ku sanin wuta, shi ya sa muke ganin girmanta. Itace na da hayaƙi, garwashi na da ja, kowace wuta tana faɗin kanta. Wannan baƙin dutsen ma an yi masa ido ɗaya, in ya yi ja sai mu kauce. Wancan mai tsayuwar a ƙofa shi ya tsone idon, ya kuma yi wa wutar shimfiɗa. Ban taɓa ganin wauta irin wannan ba, ko a cikin dabbobi."

Malam ya ce, "An zalunci ɗanki, na ji. Amma yarinyar nan ba ita ta kashe fitilar ba."

"Ita ta ɗinka ƙyallen. Ita na tarar."

"Sa ta aka yi. Ba a kama wani da laifin wani, ke ma kin sani. Ki sakar mata hannu."

"Nawa ɗan me ya yi? Hannu a bakin hannu. Ba zan saki ba har ta mutu."

Malam bai yi musu ba, ya koma karatu, wannan karon da ɗan ƙarfi. Auta ta gantsare, ta yi wata ƙara da ta sa kwanukan kan kanta suka amsa. Tsakuwa ta zubo a rufi kamar an juye buhu. Malam bai tsaya ba sai da muryar ta ce, "Tsaya! Tsaya, mu yi magana." Ya tsaya.

"Zan sake ta," in ji ta, tana haki. "Amma a ɗora ruwa a kan dutsen nan ya tafasa. A sauke. Shi da kansa ya kashe a bango yadda ya saba. Sannan ya shimfiɗa tafinsa a kai, tunda abin da aka kashe ya mutu."

Malam ya girgiza kai. "Ba a hukunci da wuta, sai Wanda ya halicce ta. Ba zan zauna a ƙona mutum a gabana ba."

Aka yi ta ja, tana saukowa yana matsawa, har duhu ya gama cika tagar. Daga tafi ta dawo yatsu uku, daga uku ta dawo ɗaya. A ƙarshe ta ce, "Kan yatsa ɗaya. Ya taɓa ya ɗauke, ƙiftawar ido. In ya yi, na rantse da Wanda kake karanta maganarsa zan fita." Malam ya dubi Akawu ya ce, "Maigida, ban umarce ka ba, ban hana ka ba. Iyakarta ɗan bororo. 'Yarka ce."

Uwar ba ta jira kowa ba. Ta tashi ta yaye bargo da ƙyallen, ta kunna bango, ta goge gindin tukunya ta ɗora ruwa. Aka zauna ana jin ruwan yana ɗaukar zafi. Da ya tafasa ta kashe murhun ta sauke tukunyar. Jan idon ya tsaya yana haske shi kaɗai a gefen gilashin. Akawu ya shigo yana jan ƙafa, ya miƙa hannu ya danne makunnin bango. Idon ya mutu.

Daga nan aka ga abin da namiji ke iya yi da bakinsa in an ce ya yi da hannunsa. Ya ce zai yanka rago a yi sadaka. Muryar ta ce ba yunwa take ji ba. Ya ce zai ƙona ƙyallen, zai ma canza wa murhun wuri. Ta ce yatsa. Ya ce shi jikinsa ba ya son ciwo, in ya ji rauni ba ya warkewa da wuri, likita ma ya faɗa masa, alhali ba wanda ya taɓa jin wannan zancen sai ranar. Da ya ga ba mafita, sai ya waiwaya ya nuna matarsa da haɓa, ko kunya babu, ya ce, "Ai ita ke girkin. Ita ke rufewa da ƙyallen. In taɓawa ce ta taɓa mana."

Matar ba ta ko dube shi ba. Ta taka zuwa murhun ta miƙa hannu. Kafin ta kai, hannun hagun Auta ya cafke wuyan hannunta da ƙarfin da ba na yarinya ba, ya jawo shi ya juya tafin sama. Idanun suka daɗe a kan yatsun, a kan tabon ƙuna sabo da tsoho, wani a kan wani.

"Ke kin biya tuntuni," in ji muryar, kuma a karon farko ta yi laushi. "Koma ki zauna."

Ya rage Akawu da murhunsa. Ya matsa kusa, ya naɗe hannun riga kamar mai shirin dambe. Ya fitar da ɗan ali, ya kai shi saman baƙin gilashin, yana saukar da shi a hankali. Da ya rage kamar faɗin tafi, hucin ya daki fatarsa. Yatsan ya tsaya a iska. Gumi ya karyo masa daga ƙarƙashin hula. A bayansa 'yarsa na zaune da hannun da take ci da shi a dunƙule, ba abin da ke tsakaninta da lafiya sai ƙiftawar ido ɗaya.

"Me kake tsoro?" in ji muryar. "Ba ya mutu ba?"

Ya janye hannun ya cusa a hammata. Ya juya wurin Malam, idanunsa sun yi wuri-wuri, ya ce, "Malam, a ƙara karatu mana. Ai aikin da aka kira ka ke nan."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ba mai ƙarfi ba ce, amma uwar ta ce har ta mutu ba za ta manta da ita ba. Da ta lafa, muryar ta ce, "Na zo ɗaukar fansa wurin mutum, ban tarar da kowa ba. Malam, zan fita. Yarinyar da ke da wannan a matsayin uba, an riga an rama mini."

Malam ya ce, "Ki fita don Allah, ba don shi ba. Kuma ba za ki dawo ba."

"Ba zan dawo ba in an bar idon nan. Kada a tsone shi, a bari ya rufe da kansa, sannan a kashe bango. Kada a ɗora masa ƙyalle ko wani abu yana ja. Ba mu kaɗai ke da 'ya'ya ba."

"Na karɓa a madadin gidan," in ji Malam, yana kallon uwar, ba mijin ba. Ta gyaɗa kai. Ya sa muryar ta rantse, ta rantse. Ya yi karatu kaɗan ya tofa a tafinsa ya shafa a iska saman kan yarinyar. Auta ta yi atishawa, ta sake, jikinta ya saki ta zube a ƙirjin uwarta. Rufin ya yi tsit. Sai ɗan ƙaramin yatsanta ya motsa, ya miƙe, na kusa da shi ya bi, har tafin ya buɗe gaba ɗaya, fari fat, da shatar farata a tsakiyarsa. Uwar ta kama shi ta kifa fuskarta a ciki tana kuka.

Malam ya miƙe ya naɗe abin da zai naɗe. Kafin ya fita ya miƙa hannu ya kunna makunnin bango. Jan idon ya dawo nan take, yana haske a gefen gilashin da har yanzu bai huce ba. Ya ce a bar shi haka.

Akawu ya raka shi tsakar gida. Ya rage murya ya ce, "Malam, masu irin wannan ciwon in sun farfaɗo ba sa tuna komai, ko?"

"Galibi," in ji Malam, ya sa takalmansa ya tafi.

Wannan kalmar ta dawo wa Akawu da ƙarfinsa. Ya gyara hula, ya sauke hannun riga, ya koma kicin da tafiyarsa ta dā. Auta na zaune a tabarma tana buɗe yatsunta tana rufewa, tana kallonsu kamar baƙi. Ya tsaya a kanta ya yi gyaran murya.

"Alhamdulillahi. Auta, ba ki san irin faman da muka sha a kanki ba. Sai da na tsaya tsayin daka. Tashi, 'yata, kama nan." Ya miƙa mata hannu.

Ta ɗago ta dube shi, da idanunta na gaskiya wannan karon, ba fushi a cikinsu, ba hawaye. Muryarta ta dishe, amma tata ce.

"Baba, bakina kawai ta ara. Kunnuwana suna wurina."

Ta juya ta miƙa wa uwarta hannun da ya buɗe, uwar ta ɗaga ta, suka ratsa ta gefensa suka fita. Nasa hannun yana nan a miƙe, ba wanda ya kama.